Hanyar Zama Likitan Kunne, Hanci da Maƙogwaro: Jagora ga Ɗaliban Anka, Gummi da Bukkuyum

Da wuya ka shiga makarantar allo ko ajin firamare a ƙasar Anka, Gummi ko Bukkuyum ba ka tarar da yaro ko da ɗaya mai kunne yana zubar da mugunya ba. An cusa masa auduga, ƙudaje na binsa, malam ya kira shi sau biyu bai waiwayo ba, a ce ya cika taurin kai. A gida an ɗiga man ja, an ɗiga ruwan ganye, an je kemis an sayo magani, abin ya tsaya wata guda ya dawo. Abin da ke damun yaron nan huda ce a dodon kunne, da ƙwayoyin cuta da suka samu mazauni a bayanta. Akwai kuma likitan da aikinsa ke nan: ya busar da kunnen, ya auna yawan jin da ya rage, in ta kama ya shiga da shi tiyata ya liƙe hudar da ɗan tantanin da ya ɗebo daga saman kunnen yaron. Shi ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda a manyan asibitoci za ka ji ana cewa a kai mara lafiya wajen 'yan ENT.

Irin waɗannan likitoci sun yi ƙaranci matuƙa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan ji a shekarar 2021 ya nuna cewa kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko likita ɗaya na wannan fanni ga kowane mutum miliyan guda. Hukumar ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abu ne da za a iya hana aukuwarsa. A wajenmu ba sai an karanto mana alƙaluma ba. Wanda ɗansa ya haɗiye kwabo a Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas ya san cewa neman mai ciro shi tafiya ce zuwa Gusau ko Sakkwato, a kan hanyar da ba kowace sa'a ake binta ba.

Don haka na rubuta wannan jagora ga ɗalibi ko ɗalibar da ke sakandare, da iyaye da malaman da ke tsaye a kansu. Hanyar tana da tsawo, shekara 13 zuwa 14 bayan kammala sakandare in komai ya tafi daidai, amma kowane zangonta sananne ne, kuma mafi yawan waɗanda suka faɗi sun faɗi ne a zangon farko saboda ba wanda ya gaya musu abin da ake nema.

Abin da aikin ya ƙunsa

Kafin ka ɗauri niyya, ka san abin da za ka riƙa gani kullum. Rabin aikin a ɗakin duba marasa lafiya ake yinsa, rabi a ɗakin tiyata, domin wannan likita likitan fiɗa ne. Daga kunne za a kawo maka ciwo da mugunya, da dauɗar da ta toshe, da kurumta, da ƙarar da ba ta tsayawa, da jiri. Daga hanci akwai haɓo, wanda ke yawaita da hunturu idan iska ta busar da fatar cikin hanci, da toshewa, da murar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, da tsiron nama. Daga maƙogwaro da wuya akwai kumburin da ke hana yaro haɗiya da barci, da dishewar murya, da maƙoƙo, da ƙulu a wuya, da sankara.

Dubi yadda ake duba kunnen ƙaramin yaro. Uwa ta zauna ta ɗora shi a cinya, ta matse ƙafafunsa tsakanin gwiwoyinta, hannu ɗaya ya rungume hannayensa, ɗayan ya danne kansa a ƙirjinta. Likita ya ja fatar kunnen baya don ramin ya miƙe, ya zura bakin ɗan madubi mai fitila, yana jingine ƙaramin yatsansa a kuncin yaron domin ko ya zabura madubin ya bi kansa, kada ya soke shi. Lafiyayyen dodon kunne fari-fari ne mai sheƙi, haske na dawowa daga gefensa ɗaya. In ya yi ja ya kumburo, akwai mugunya a baya. In da huda za ka gan ta baƙa ƙirin. In kuwa ƙwayar wake ce ko masara yaro ya cusa, ba a zuba ruwa, domin za ta jiƙa ta kumbura ta ƙara maƙalewa. Da ɗan ƙugiya ake zagaya bayanta a jawo. Ƙwaro mai rai sai a fara kashe shi da ɗigon mai. Duk wannan ba ya wuce 'yan mintoci a hannun wanda ya iya, amma a hannun wanda bai iya ba, da tsinke ko hantsaki, a nan ake huda dodon kunnen da a da lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma kiran dare, wanda shi ne ke raba masu son fannin da masu son sunansa. Yaro ɗan shekara biyu yana wasa da gyaɗa a baki, ya yi dariya, ƙwayar ta faɗa hanyar iska, galibi ta gangara reshen dama na huhu. Za a sa shi barci, ka zura bututun ƙarfe mai haske ta maƙogwaro, kai da likitan sa barci kuna rabon hanya ɗaya tilo wadda yaron ke numfashi ta cikinta, ka kamo gyaɗar a hankali kada ta farfashe. Ko a kawo wanda ya haɗiye ƙaramin batirin agogo, wanda ke iya ƙona hanyar abinci cikin sa'a biyu. Ko yarinyar da ta sha ruwan sodar da uwarta ta jiƙa don yin sabulu, ta ɗauka ruwan sha ne. Ko magidancin da ƙayar kifi ta tsaya masa, abin da mutanen bakin gulbi irin na Gummi suka sani sarai. Idan hanyar iska ta toshe daga sama, likitan nan ne ke buɗe ƙofa a gaban wuya ya sa bututu, mutum ya shaƙi iska nan take. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 ta tuna wa kowa darajar wannan hannu.

Fannin ba sabo ba ne ga Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana yadda ake fiɗar maƙogwaro da ciro abin da ya faɗa kunne, har da zanen kayan aikin, a littafinsa At-Tasrif.

Abin da ƙasarmu ta ƙara a kai

A nan nake son ɗan yankin nan ya tsaya ya yi tunani, domin cututtukan da ake koyarwa a jami'a shi ya taso yana ganinsu da ido.

Mu ɗauki sanƙarau. Zamfara na cikin tsakiyar yankin da cutar ke zagayowa da bazara, kuma annobar 2017 daga jihar ta faro, nan ta fi ɓarna. Yaron da ya tsira daga sanƙarau yana iya tashi ba ya ji ko kaɗan, kuma akwai gaggawa a auna jinsa da zarar ya warke, saboda katantanwar cikin kunne kan fara zama ƙashi bayan cutar, abin da ke wahalar da dasa na'urar ji daga baya. Ƙyanda da hangum su ma suna kurumtarwa, kuma ƙyanda tana da rigakafi a asibitin da ke kusa da kai. Haka wasu allurai irin su jentamaisin, waɗanda ake dankara wa yara a kemis ba awo ba lissafi.

Mu ɗauki zinariya. A shekarar 2010 duniya ta ji labarin gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Bagega, 'Yargalma da Tungar Guru, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen ma'adini a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar waɗanda suka rayu. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, har da na ji. Ban da wannan, injin da ke niƙa dutsen yana da ƙarar da ke cin kunne a hankali. Ma'aunin ƙara shi ake kira desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60, kuma wanda ke yini sa'a takwas cikin ƙarar da ta kai 85 ko ta wuce yana asarar jinsa sannu a hankali, asarar da ba ta dawowa. Matashin da ya yi shekaru a bakin injin niƙa, na dutse ne ko na hatsi, zai kai arba'in yana cewa mutane sun daina ɗaga murya.

Sai cutar noma mai cin fuska, wadda wasu ke ce wa ciwon daji, wasu ciwon iska. Tana farawa daga dasashin yaro mai tamowa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci ko leɓe ko hanci. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan da Najeriya ta jagoranci neman hakan. Gyaran irin wannan fuska aikin gayya ne na likitocin fiɗar fata da na haƙori da muƙamuƙi da na kunne da hanci. Haka raunin harsashi a fuska da wuya, wanda rashin tsaro ya sa ya zama ruwan dare a asibitocin jihar.

Sannan ga cire belu. Har yau a gidaje da dama wanzami na zuwa cikin makon haihuwa ya cire wa jariri belu, babba ma in tari ko ciwon maƙogwaro ya dame shi a ce hakin wuya ne a cire. Belu halitta ce mai aiki, tana taimakawa wajen rufe hanyar hanci yayin haɗiya, kuma cire ta kan jawo zubar jini mai kisa, ko ruɓewar wurin, ko sandarewar jiki saboda aska mara tsafta. Likitan da ya zo daga nesa zai yi wa uwar faɗa, ta yi shiru ta tafi ba ta sake dawowa ba. Kai da ka san wanzamin garinku, ka san gadon gidansu ne, ka san kaka ce ke yanke hukunci ba uwar jariri ba, kana da hanyar da za ka zauna da Sarkin Aska da mai unguwa a yi magana ta fahimta. Idan tsohuwa ta ce maka, "Likita, kunnenai ya daɗe yana ruwa," ka san tambayar da za ka bi ta da ita, ka san kuma abin da aka riga aka ɗiga a kunnen tun kafin ta faɗa. A ganina wannan jari ne da ba a samu a littafi, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake son 'ya'yan yankin nan su shiga fannin.

Zangon farko: sakandare da JAMB

Da sanyin safiya ake kama fara. Hukuncin ko za ka zama likita ana yanke shi ne a aji huɗu na sakandare, ranar da aka raba ɗalibai zuwa kimiyya da sauran fannoni. Dole ka shiga ajin kimiyya, kuma dole ka fito da kiredit a darussa biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Jami'o'i da yawa suna son a samu biyar ɗin a zama ɗaya idan likitanci ake nema, saboda haka kada ka dogara da haɗa sakamako biyu. A jarrabawar JAMB darussa huɗu za ka rubuta, Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, jimillar maki 400. Makin da ake shiga sauran kwasa-kwasai da shi ba ya kai mutum likitanci. Ka sa wa ranka neman maki mai nisa sama da 250, domin kujerun kaɗan ne. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka.

Matsaloli biyu ke kayar da yaranmu a nan, kuma duka suna da magani. Ta farko Turanci. Yaro ya san amsar tambayar Bayoloji amma bai gane abin da aka tambaya ba. Maganinta karatu kullum, da ƙarfi, ko da tsohuwar jarida ce, da yin tambayoyin shekarun baya har sai salon tambayar ya zauna a kai. Ta biyu kwamfuta. JAMB a kwamfuta ake rubuta ta, kuma ɗalibin da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa zai ɓata rabin lokacinsa yana fama da na'ura. Kafin ranar, ka nemi cibiyar kwamfuta ko wayar wani yayanka ka yi gwaji da agogo a gabanka.

Na san halin da makarantu suka shiga. Bayan sace ɗalibai mata na Jangebe a Fabrairun 2021 an rufe makarantun kwana a jihar, kuma akwai yaran da suka yi asarar zango bayan zango, wasu suna zaman gudun hijira a cikin garin Anka. Wanda karatunsa ya yi giɓi haka kada ya ɗauka ƙofa ta rufe. Akwai shirin share fagen shiga jami'a, irin na makarantar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da jarrabawar IJMB. Shekara guda da aka kashe ana gyara tushe ta fi a shiga jami'a a kore ka a aji biyu. Ka sani kuma tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kaso ga 'yan yankin da jami'a take, da wani kaso ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Zamfara na ciki. Saboda haka zaɓin Sakkwato, Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano ya fi maka alheri a kan ka jefa takardarka can nesa.

Shekara shida a jami'a

Ba a karanta kunne da hanci kai tsaye daga sakandare. Sai ka zama cikakken likita tukuna, mai digirin MBBS. Shekarar farko kimiyya ce zalla, kuma a nan ake tace mutane. Daga nan sai sanin ƙirar jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki da sinadaran jiki, inda za ka shiga ɗakin gawa ka koyi jikin ɗan Adam da hannunka. Wannan na tayar wa iyaye da yawa hankali. Manyan majalisun fiƙihu sun halatta shi don koyon likitanci bisa sharaɗin kiyaye mutuncin mamaci, kuma ya kamata ɗalibi ya shiga wurin da wannan ladabi. Jarrabawar ƙarshen wannan mataki ita ce mafi tsauri a duk karatun. Bayanta sai ilimin cututtuka da magunguna, sai asibitin koyarwa: yara, mata da haihuwa, cututtukan manya, fiɗa, lafiyar al'umma.

A cikin duk shekarun nan, 'yan makonni kacal ake ba ɗalibi a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kuma yawancin ɗalibai wucewa kawai suke yi. Kai kada ka wuce. Ka ba ƙirar kai da wuya ƙarfi tun daga aji biyu, domin nan ne gonarka. Ka gabatar da kanka ga manyan likitocin sashen, ka roƙi izinin tsayawa a ɗakin tiyata ranar da ba ka da darasi. In ka samu hali ka sayi madubin duba kunne naka na kanka, ka duba kunnen duk wanda ya yarda, domin sai ido ya saba da lafiyayye yake gane mara lafiya.

Batun kuɗi ba a ɓoye shi. Littattafai, masauki, abinci da kuɗin makaranta na shekara shida nauyi ne a kan manomi. A nemi tallafin karatu na jiha, a duba asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024, kuma dangi su zauna tun farko su san wa zai ɗauki me. A sa ran jinkiri ma: yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas.

Ke kuma ɗiyata, wannan fanni ya dace da ke ƙwarai. Aiki ne na natsuwa da laushin hannu, yawancinsa a zaune ake yi, kuma akwai matan da za su ɓoye ƙulun wuya shekara da shekaru don kada namiji ya taɓa su. Aure ba ya hana shi, matuƙar an yi sharaɗin karatun a fili tun wajen neman aure, da sanin waliyyai.

Daga likita zuwa ƙwararre

Bayan digiri sai rantsuwa da rajistar wucin gadi, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, kana zagaya manyan sassa huɗu, ana biyanka albashi. Sai cikakkiyar rajista, sai shekarar hidimar ƙasa. A wannan tsakanin ne mai wayo ke zama jarrabawar share fagen ƙwarewa, tun karatun jami'a bai huce a kansa ba. Hukumomi biyu ke shirya ta: Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Kowace tana da tsangayar wannan fanni, kuma da yawa sukan zauna duka biyun.

Da wannan sakamako za ka nemi gurbi cikin likitoci masu neman ƙwarewa. A arewa maso yamma akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ya fi kusa da mu, da na Ahmadu Bello a Shika, da na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999 domin wannan fanni kaɗai. Kafin ka karɓi gurbi ka tabbatar kwalejin ta amince da sashen a lokacin, ka kuma tambayi waɗanda ke ciki: tiyata nawa ake yi a mako, kuma ana barin ƙanana su riƙe wuƙa? Sashen da marasa lafiya suka yi yawa har ba ka samun barci ya fi maka sashen da za ka yi shekara kana kallo.

Horon yana ɗaukar shekara biyar zuwa shida, kashi biyu. A ƙaramin mataki za ka zagaya wasu sassan fiɗa, ka koyi dakatar da haɓo, ciro abin da ya maƙale, buɗe hanyar iska, cire tansil (naman gefen maƙogwaro mai kumbura), karanta takardar awon ji. Duk abin da ka yi kana rubuta shi a kundi, babba ya sa hannu. Sai jarrabawar kashi na ɗaya, rubutacciya da ta baki da ta gaban mara lafiya. Faɗuwa a cikinta ba abin kunya ba ne, manya da yawa sun maimaita. A babban mataki za ka shiga manyan ayyuka, ka kuma rubuta kundin bincike ka kare shi a jarrabawar kashi na biyu. Wanda ya ci ya zama ƙwararre, a sa masa FMCORL ko FWACS bayan sunansa. Shawarata a nan ita ce ka ɗauko batun bincikenka daga gida: jin yaran da suka sha gubar dalma, ko na masu injin niƙa, ko illar cire belu. Wanda bai san hanyar Bagega ba ba zai yi mana wannan bincike ba.

Fiɗar kunne ita ce ƙololuwar gwanintar hannu a fannin, kuma ba a fara ta a kan mai rai. Ana koyo ne a kan ƙashin gefen kai na gawa, ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, da ɗan injin huda mai kama da na likitan haƙori. Cikin wurin da bai fi kan babban yatsa ba akwai ƙasusuwa uku mafi ƙanƙanta a jikin mutum, ƙaraminsu tsawonsa wajen milimita uku. Jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta nan, saman wurin kuma ƙashi ne siriri da ya raba kunne da ƙwaƙwalwa. Kuskuren milimita ɗaya sai bakin mutum ya karkace. Wannan kusanci shi ne kuma dalilin da ya sa mugunyar kunne da aka yi wa sakaci take iya hayewa ta zama sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Mai gaggawa da mai saurin fushi su nemi wani fanni.

Bayan an gama

Ranar da ka zama ƙwararre, ƙofofi za su buɗe: Saudiyya, Ingila, manyan asibitocin Abuja. Ba na zargin wanda ya tafi, kowa ya san nauyin da ke kansa, kuma ba wanda zai ce wa likita ya zauna inda ransa ke cikin hatsari. Amma komawa gida ba lallai sai ka tare a ƙauye ba. Ƙwararren da ke zaune a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko a Sakkwato, yana iya ware kwanaki a wata ya duba marasa lafiya a manyan asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum, ya tace waɗanda ke buƙatar tiyata ya ba su rana, don kada talaka ya sayar da akuya ya yi tafiyar banza. Kayan irin wannan fita jaka ɗaya ta ɗauke su: fitilar goshi, madubin kunne, ƙarfen gwajin ji, ƙananan hantsuka da ƙugiyoyi, injin tsotse mugunya, da na'urar awon ji mai batir.

Abin da ya fi wannan tasiri shi ne koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci abubuwa kaɗan da za su yi daidai. Su iya share mugunya da tsaftataccen ƙyalle da aka murɗa kafin a ɗiga magani. Su gaya wa mai haɓo ya sunkuyar da kai gaba ya matse taushin hancinsa minti 10 zuwa 15, maimakon ɗaga kai sama jini ya bi maƙogwaro. Su san cewa muryar da ta dishe fiye da mako uku, musamman ga mai shan taba, da hanci ɗaya da ke toshewa yana jini tare da ƙulu a wuya, ba na maganin mura ba ne, na turawa gaba ne da wuri, domin a Sakkwato da Zariya akwai sassan gashin sankara kuma wanda ya isa da wuri ya fi samun sauƙi. Su kuma ɗauki maganar uwa da muhimmanci idan ta ce ɗanta ba ya juyowa in an kira shi, kada a ce mata nauyin baki ne zai yi magana.

Wanda makinsa bai kai likitanci ba, ko aljihun gidansu ba zai ɗauki shekara shida ba, yana da wasu ƙofofin shiga wannan aiki. Mai takardar jinya, ko daga kwalejin jinya ta Gusau ya fito, yana iya zuwa cibiyar Kaduna ya yi kwas na ƙwarewa a jinyar kunne, hanci da maƙogwaro. Jami'in lafiyar al'umma, irin waɗanda kwalejin Tsafe ke yayewa, yana iya samun horon kula da kunne a matakin farko. Akwai fannin awon ji da haɗa na'urar ji, da fannin koyar da magana ga yaran da suka samu ji a makare, kuma a rahoton nan na 2021 masu awon ji sun fi likitocin ma ƙaranci: kashi 93 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko ɗaya ga mutum miliyan guda. Likitan fiɗa ba ya iya aiki ba tare da waɗannan mutane ba, kuma horonsu ya fi nasa gajarta da araha nesa ba kusa ba.